Sallamar Tsofaffi Daga Asibiti Kafin Jiki Ya Yi Ƙwari: Bayani Ga Al'ummar Daudawa Da Kewaye

Gabatarwa

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke tayar wa iyali hankali a lokacin jinya shi ne a wayi gari likita ya ce an sallami tsohonsu, alhali su a ganinsu jikin bai yi ƙwarin da za a koma da shi gida ba. Wannan damuwa ta fi tsanani ga mazauna karkara irin na Daudawa da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, domin kuwa wanda ya baro asibiti a Funtuwa ko Zariya da mahaifinsa, idan jikin ya rikice da tsakar dare, komawa ba abu ne mai sauƙi a gare shi ba.

An tanadi wannan bayani ne domin amfanin masu jinya, magidanta, masu unguwanni, dagatai, kansiloli da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, yawan kwanakin da aka yi a gadon asibiti ba shi ne ma'aunin dacewar sallama ba. Ana auna ta ne da abubuwa biyu: halin da mara lafiya yake ciki a ranar, da kuma halin gidan da za a mayar da shi.

Ma'anar sallama da ire-irenta

Sallama ita ce izinin da likita ke bayarwa a rubuce, cikin fayil ɗin mara lafiya, cewa ba ya buƙatar ci gaba da kwanciya a wannan asibiti. Ba ta nufin an warke sarai. Sau da yawa abin da take nufi shi ne, sauran jinyar za a iya ƙarasa ta a gida tare da shan magani da dawowa ganin likita a ranar da aka sanya. Hanyoyin da mara lafiya ke barin asibiti sun kasu kamar haka:

1. Sallamar likita zuwa gida, bayan an ga sauƙi.
2. Turawa zuwa wani asibiti da ya fi kayan aiki ko ƙwararru, tare da takardar turawa.
3. Sallama domin a ci gaba da kulawa a gida, idan ciwon ya kai matsayin da zaman asibiti ba zai ƙara komai ba, kamar wasu nau'o'in ciwon daji da suka yi nisa. A nan ma akwai haƙƙin a ba da maganin rage raɗaɗi, a kuma koya wa iyali yadda za su kula da shi.
4. Fitar da mara lafiya bisa buƙatarsa ko ta iyalinsa, ba da shawarar likita ba, bayan an sa hannu a takarda.
5. Sulalewa da mara lafiya ba tare da sanar da kowa ba. Wannan ita ce mafi haɗari, domin ana tafiya ne ba magani, ba takarda, ba bayani.

Game da wanda ake kira tsoho kuwa, Manufar Ƙasa Kan Tsufa da Gwamnatin Tarayya ta amince da ita a shekarar 2021 ta ɗauki shekara 60 zuwa sama, yayin da dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sanya wa hannu a 2018, ta ɗauki shekara 70. A wurin likita dai, ƙarfin jiki da yawan cututtukan da mutum ke ɗauke da su sun fi lissafin shekaru muhimmanci.

Asibitocin da jama'ar yankin ke zuwa

Garin Daudawa yana cikin ƙaramar hukumar Faskari ne, a kudancin Jihar Katsina, kuma Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Kamar sauran sassan ƙasar nan, kiwon lafiya a yankin hawa uku ne. Hawa na farko shi ne ƙananan asibitocin da ke garuruwa da mazaɓu, inda ake awon jini, ba da magani, wankin ciwo da kwantarwa ta ɗan lokaci. Hawa na biyu shi ne manyan asibitocin gwamnatin jiha, irin na Funtuwa, Ƙanƙara da Malumfashi, inda ake kwantar da marasa lafiya, a yi tiyata da ƙarin jini. Hawa na uku shi ne asibitocin ƙwararru, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wanda aka ɗaga zuwa wannan matsayi a 2022, da kuma asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Gusau, wanda mutanen wajen 'Yankara da Sheme kan nufa saboda hanya.

Amfanin sanin wannan tsari shi ne, sallama daga hawa na uku ko na biyu bai kamata ta zama ƙarshen kulawa ba. Kamata ya yi ta zama miƙa mara lafiya ga asibitin da ya fi kusa da gidansa. Har ila yau, ya kamata a sani cewa fannin kula da lafiyar tsofaffi na musamman sabon abu ne a Nijeriya, domin cibiya ta farko irin wannan an buɗe ta ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan a 2012. A yawancin asibitoci ana kwantar da tsoho ne a ɗaki ɗaya da sauran manya, don haka wajibi ne iyali su riƙa tuna wa ma'aikata buƙatunsa na daban.

Abin da ya bambanta jinyar tsoho da ta matashi

Matashin da ya yi fama da zazzaɓi mai tsanani yakan miƙe cikin 'yan kwanaki. Tsoho kuwa, ko bayan an kashe ciwon da ya kawo shi, jikinsa yakan daɗe bai dawo daidai ba. Kwanciyar mako guda kawai tana rage masa ƙarfin ƙafafu, ta yadda wanda ya shigo asibiti da ƙafarsa zai iya fita sai an riƙe shi. Bugu da ƙari, tsoho yakan haɗa cututtuka biyu ko uku a lokaci guda, kamar hawan jini, ciwon suga da raunin ƙoda, kuma maganin wannan yana iya taɓa wancan.

Haka kuma ciwo ba ya bayyana a jikin tsoho yadda aka saba gani. Yana iya kamuwa da ciwon huhu ko ciwon mafitsara ba tare da zazzaɓi mai zafi ba, sai dai a ga ya daina cin abinci, yana yawan barci, ko ya fara sambatu, bai gane 'ya'yansa ba. Jama'a kan ce rikicin tsufa ne, wasu ma su ce iska ce. Amma ruɗewar da ta zo farat ɗaya, cikin awoyi ko kwanaki kaɗan, alama ce ta ciwo a jiki, kuma dalili ne na a sake duba mara lafiya kafin a sallame shi.

Akwai kuma wani al'amari da ya shafi ɗabi'armu. Dattijo Bahaushe idan likita ya tambaye shi ya jiki, amsarsa ita ce da sauƙi, ko da kuwa bai runtsa ba daren jiya. Kunya kan hana shi faɗin cewa fitsari na zubo masa ko bayan gida ya ɗaure, musamman idan mai jinyar surukarsa ce ko jikarsa. Wani kuma ƙaguwa yake yi ya koma ɗakinsa, ko don tunanin gona, ko don gudun kada ajali ya riske shi nesa da gida. Likita yana aiki ne da abin da ya gani da abin da aka gaya masa a cikin 'yan mintocin zagayen safe. Idan mai jinya ya yi shiru, likita zai rubuta cewa an samu sauƙi.

Wannan matsala ba ta tsaya ga ƙasarmu ba. A ƙasashe da dama ana auna ingancin sallama ne da yawan waɗanda aka sake kwantarwa cikin kwana 30. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009, kan waɗanda ke ƙarƙashin inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 5 an sake ba shi gado kafin cikar wata guda. Sai dai kuma a lura, daɗewa a asibiti fiye da kima shi ma yana da nasa lahani ga tsoho, kamar ɗaukar wata cutar daga maƙwabcin gado, gyambon kwanciya da mutuwar jiki. Saboda haka abin nema shi ne sallama a kan kari.

Dalilan da ke jawo sallama da wuri

Daga ɓangaren asibiti, babban dalili shi ne ƙarancin gadaje da ma'aikata. A watannin Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa, ɗakunan kwanciya kan cika, sai a sallami wanda ya ɗan samu sauƙi domin a karɓi wanda ya fi shi jigata. Yajin aiki ma yakan jawo haka. A lokacin yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa, wanda aka yi daga farkon Agusta zuwa farkon Oktoba na 2021, asibitocin koyarwa da dama a ƙasar nan sun rage yawan marasa lafiyar da ke kwance saboda babu isassun masu duba su.

Daga ɓangaren iyali kuwa, kuɗi ne kan gaba. Yawancin jama'a daga aljihunsu suke biyan magani, gwaji da abincin masu jinya. Manomi a wannan yanki yakan samu kuɗi ne da kaka, bayan an cire masara, waken suya, dawa da auduga. Ciwon da ya zo da tsakiyar damina yakan tarar da rumbu ya yi ƙasa, ga aikin gona na jiran wanda ke zaune a bakin gado. Sai kuma shawarar 'yan dubiya, waɗanda kan ce ciwon ba na asibiti ba ne, a koma gida a gwada na gargajiya, musamman a shanyewar ɓarin jiki da karaya.

Akwai dalili na uku da ba a cika lura da shi ba, wato rarrabuwar bayani. Wanda ya ji maganar likita shi ne mai kwana da mara lafiya, wanda ke biyan kuɗi yana Kano ko Abuja, wadda za ta yi jinyar a gida kuma tana ƙauye ba ta taɓa zuwa asibitin ba. Ya kamata tun ranar da aka ba da gado iyali su wakilta mutum ɗaya mai natsuwa wanda zai riƙa magana da likita, ya kuma isar da bayani ga saura.

Alamomin da ke nuna tsoho ya isa sallama

Likita ne ke da ikon yanke hukunci, amma mai jinya zai iya lura da waɗannan abubuwa, ya kuma faɗa idan bai gan su ba:

1. Zazzaɓi ya sauka aƙalla kwana guda cur.
2. Yana numfashi ba tare da wahala ba bayan an cire masa iskar oksijin, har idan ya ɗan motsa.
3. Yana ci yana sha, ba ya amai, kuma ba ya ƙwarewa idan ya haɗiyi ruwa.
4. An mayar da shi kan maganin sha daga allura da ƙarin ruwa, an kuma ga jikin ya karɓa.
5. Awon jininsa da na suga sun daidaita a matakin da likita ya gamsu da shi.
6. Hankalinsa ya dawo yadda iyali suka san shi kafin ciwon.
7. Yana fitsari da bayan gida, ko kuma an koya wa mai jinya kula da robar fitsari.
8. Yana iya tashi zaune, ya taka zuwa makewayi ko da da taimako. Idan ba ya iyawa, an tanadi wanda zai riƙa ɗaga shi a gida.

Wasu cututtuka na buƙatar ƙarin lura. Mai shanyewar ɓarin jiki a tabbatar an gwada haɗiyarsa, domin abinci ko kunun da ya bi ta hanyar iska yakan haifar da ciwon huhu, kuma a nemi ganin ma'aikatan gashin ƙashi su koyar da motsa gaɓoɓi, kasancewar watannin farko su ne aka fi samun ci gaba a cikinsu. Mai ciwon zuciya a ga kumburin ƙafa ya ragu, yana kuma iya kwanciya ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Mai ciwon suga da aka ɗora kan allurar insulin kada a tafi da shi sai an koya wa wani yin allurar, da yadda za a adana ta a wuri mai sanyi inda babu firiji, da kuma alamomin faɗuwar suga. Wanda aka yi wa allurar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani sai ya ɗora da maganin sha na kwana 3 cikakku. Wanda aka yi wa tiyata a san ranar wankin ciwo da ranar cire zare, wadda galibi kan kama tsakanin kwana 7 zuwa 14. Mai tarin fuka kuwa maganinsa kyauta ne, ana shan sa aƙalla wata 6, don haka a haɗa shi da asibitin da zai riƙa karɓa kusa da gida.

Abin da doka ta tanada

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta yi tanade-tanade da suka shafi wannan batu. Sashe na 23 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, hanyoyin maganin da ake da su, amfaninsu, haɗarinsu da kuɗinsu, da kuma 'yancinsa na ƙin karɓar magani tare da abin da ka iya biyo baya. Sashen ya ce a yi bayanin cikin harshen da mara lafiya ke fahimta gwargwadon iko. Ke nan neman a yi bayani da Hausa haƙƙi ne, ba rashin kunya ba ne. Sashe na 20 ya hana kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma sanya tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun, ga wanda ya saɓa. Saboda haka wanda aka sallama jiya, idan jikinsa ya rikice yau, yana da haƙƙin a karɓe shi a sashen gaggawa. Sashe na 30 kuma ya ba kowa damar shigar da koke kan yadda aka kula da shi, a kuma bincika.

A watan Yuli na 2018, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da Kundin Haƙƙoƙin Marasa Lafiya mai ɗauke da haƙƙoƙi 12, ciki har da samun bayani, ganin bayanan jinya, sanin dalla-dallar kuɗin da aka caje, mutuntawa da kuma kai ƙorafi. Ta fuskar kuɗi, dokar 2014 ta kafa Asusun Kiwon Lafiya a Matakin Farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, yayin da Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta sanya tsofaffi cikin rukunin masu rauni da ya kamata a tallafa wa. A Jihar Katsina, hukumar taimakekeniyar lafiya da aka kafa da dokar 2018 ita ce ke rajistar masu cin gajiyar irin wannan tsari. Ana shawartar iyalai su tambayi jami'in da ke kula da asibitin mazaɓarsu game da rajistar tsofaffinsu tun suna da lafiya.

Matakan da iyali za su bi idan ba su gamsu ba

Mataki na farko shi ne a yi magana da wuri, tun lokacin zagayen safe, kada a bari sai an rubuta takarda an naɗe shimfiɗa. A faɗi abin da aka gani da ido, domin shi ne likita zai iya aiki da shi. Maimakon a ce jikin dai har yanzu da saura, sai a ce: "Likita, Baba bai ci komai ba tun jiya da rana, da dare ya yi ta sambatu bai gane ni ba, da muka tayar da shi kuma jiri ya kwashe shi. Gidanmu yana bayan Daudawa, babu mota da dare. Muna roƙon a sake duba shi kafin mu tafi."

Idan ƙaramin likita ne ya yi sallamar, ana iya neman babban likitan da ke kula da ɗakin ya sake dubawa, ta hannun shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin. Idan hakan bai wadatar ba, sai a je ofishin shugaban asibitin ko sakatarensa. A asibitocin Gwamnatin Tarayya akwai teburin SERVICOM, tsarin karɓar koke da aka kafa a 2004, da kuma sashen jin daɗin jama'a da ke duba lamarin marasa ƙarfi. Ƙorafi kan babban asibitin jiha ana kai shi ga Hukumar Kula da Asibitoci ta Jiha ko Ma'aikatar Lafiya, na ƙaramin asibiti kuma ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Zargin sakaci a kan likita, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ce ke bincikensa. A rubuta koke da kwanan wata, a riƙe kwafi.

Ya kamata a fahimci cewa iyali ba su da ikon riƙe gado da ƙarfi bayan likitoci sun sake dubawa sun tabbatar da sallamar. Abin da za su iya nema shi ne bayani, ƙarin kwana guda domin shiri, ko takardar turawa zuwa asibitin da ke kusa da gida. Hayaniya da zagin ma'aikata ba sa ƙara wa mara lafiya komai.

Idan kuma iyali ne ke son fita saboda kuɗi ya ƙare, to su faɗi gaskiya. Likita zai iya sauya magani da mai rahusa, ya rage gwajin da ba na dole ba, ko ya tura su inda za a samu tallafi. Wanda ya sa hannu ya fitar da mara lafiyarsa har yanzu yana da haƙƙin a rubuta masa magani, a gaya masa alamomin haɗari, kuma ƙofar asibiti ba ta rufe gare shi ba. Haka nan, muddin tsoho yana cikin hankalinsa, shi ne mai magana ta ƙarshe a kan jikinsa. Bai dace a yanke shawara a bayan idonsa ba.

Abubuwan da za a karɓa kafin a bar asibiti

1. Takardar sallama mai ɗauke da sunan ciwon, abin da aka yi da sakamakon gwaje-gwaje.
2. Jerin magunguna, da lokacin shan kowanne da tsawon kwanakinsa. Wanda bai iya karatun boko ba a yi masa alama a jikin kwali, ko ya rubuta da ajami.
3. Bayani kan magungunan da yake sha tun kafin a kwantar da shi: wanne zai ci gaba da shi, wanne zai bari.
4. Ranar dawowa, da sashen da za a je, da katin asibiti.
5. Bayanin abinci, musamman gishiri, sinadarin ɗanɗano da kayan zaƙi, da kuma hukuncin likita game da azumi ga mai ciwon suga ko ƙoda.
6. Maganin da zai kai har ranar dawowa, domin ba kowane magani ake samu a kemis ɗin ƙauye ba.

Game da tafiya, sanannen abu ne cewa tun wajen 2019 waɗannan ƙananan hukumomi uku suna cikin waɗanda matsalar 'yan bindigar daji ta fi shafa, har ta kai ga an katse layukan wayar salula a yankin na tsawon watanni daga Satumba na 2021. Darasin da ke ciki shi ne kada a dogara ga cewa za a bugo wa likita waya, a karɓi komai a rubuce. Idan sallama ta zo da la'asar, a roƙi a kwana a kama hanya da safe. A nemi motar da tsoho zai iya kishingiɗa a ciki, domin doguwar tafiya a kan babur tana iya mayar da hannun agogo baya. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa.

Kulawa a gida da alamomin komawa asibiti

Makonni biyun farko su ne mafi muhimmanci. A ba tsoho ɗaki mai iska kusa da makewayi, da fitila da dare, da gidan sauro, a kawar da tabarmi ko kayan da za su iya harɗe shi. Wanda ba ya iya juyawa da kansa a riƙa juya shi duk bayan awa 2, a duba ƙugu, duwawu da diddige, a kiyaye jiƙewar shimfiɗa. A watannin zafi na Maris zuwa Mayu a riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba, sai fa idan likita ya ƙayyade masa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Da hunturu a kare shi daga sanyi da ƙura, kuma kada a rufe ɗaki da garwashin wuta a ciki. Kada a dakatar da maganin hawan jini ko na suga don an ga sauƙi. A guji sayen magungunan ciwon jiki irin su diklofenak ba da izinin likita ba, domin suna iya lahanta ƙoda da tumbin tsoho. Duk wani jiƙo ko tsimi da ake son ba shi, a fara sanar da ma'aikacin lafiya.

A garzaya asibiti mafi kusa ba tare da jiran ranar dawowa ba idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: sarƙewar numfashi ko ciwon ƙirji; karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko harɗewar harshe; sabuwar ruɗewa ko barcin da ba a iya tayar da shi; dawowar zazzaɓi; amai ko gudawa da ba su tsaya ba; rashin fitsari na tsawon yini; baƙin bayan gida ko aman jini; ruwa, wari ko buɗewar wurin tiyata; kumburin ƙafa ɗaya mai zafi; ko faɗuwa. Mai ciwon suga idan ya kama gumi da makyarkyata, a ba shi ruwan sukari nan take in yana iya haɗiya, sannan a kai shi asibiti. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki.

Rawar da shugabannin al'umma za su taka

Jami'an ƙananan asibitoci za su taimaka ƙwarai idan suka riƙe sunayen tsofaffin da aka sallamo daga manyan asibitoci, suka kuma tura ma'aikaci ya leƙa su cikin makon farko domin awon jini da duba magani. Kwamitocin ci gaban mazaɓu, tare da masu unguwanni da dagatai, za su iya yin yarjejeniya da direbobin gari kan wanda za a tasa idan larura ta taso, da kuma asusun gaggawa da za a riƙa tarawa da kaka. Kansiloli da sassan lafiya na ƙananan hukumomi su sanar da jama'a lokutan rajistar taimakekeniyar lafiya, su kuma bi kadin koken da aka kawo masu. Limamai da kwamitocin zakka na da damar tunawa da tsofaffin da ba su da mai ɗaukar nauyinsu, waɗanda su ne aka fi fitarwa daga asibiti saboda rashin kuɗi.

Kammalawa

Ana kira ga duk wanda ke jinyar tsoho da ya fara shirin sallama tun ranar da aka ba da gado: ya san sunan ciwon, ya lura da ci da sha da hankalin mara lafiyarsa, ya faɗa wa likita gaskiyar abin da ya gani da kuma nisan gidansu. Kada ya bar asibiti sai da takarda, da magani, da ranar dawowa, da sanin asibitin da zai nufa idan jiki ya motsa. Domin ƙarin bayani, sai a tuntuɓi jami'in da ke kula da asibitin mazaɓa ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma.